Raba Iguwana da 'Yan Kaska: Yaƙin Yana Cikin Keji

 

Mai girma shugaban taro, malamaina likitocin dabbobi, 'yan uwa ma'aikatan gidajen ajiye namun daji, da ku ɗalibai da kuka cika kujerun baya, ina yi muku barka da zuwa. Maganar da zan yi yau a kan wata dabba ce da ba a ƙasarmu aka halicce ta ba, da wani ɗan ƙwaro da yake shan jininta har ya kai ta kushewa, alhali girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Dabbar ita ce iguwana. Ƙwaron kuma ɗaya ne daga mitsi-mitsin dangin kaska, masu ƙafa takwas, waɗanda suka haɗa zuri'a da gizo-gizo da kuma ƙwayar da take haƙa rami a fatar ɗan Adam ta kawo ƙazuwa.

Koriyar iguwana, wadda masana suke kira Iguana iguana, 'yar asalin nahiyar Amurka ce, daga kudancin Meksiko, a ratsa ƙasashen tsakiya, har Barazil da Faraguwe. A fasali za ka ce babbar yayar ƙadangare ce. Tana da jerin ƙayoyi daga ƙeya har gadon baya, da wata fata mai reto a ƙarƙashin haɓa, da wutsiya wadda ta fi sauran jikin tsawo. Babba takan kai mita ɗaya da rabi, wata ma ta doshi mita biyu. Ganye take ci da furanni da 'ya'yan itatuwa, a kan bishiyoyin bakin ruwa take wuni tana shan hantsi, in ta ji tsoro ta faɗa ruwa ta yi iyo. A hannun mai kula takan yi shekara 15 zuwa 20.

A shekarun 1990 ne kiwonta a gida ya zama yayi a Amurka. Gonaki a El Salbado da Kolombiya suka riƙa ƙyanƙyashe 'ya'ya, ana loda su dubban ɗaruruwa a kowace shekara zuwa shagunan sayar da dabbobi. Ku hango yadda abin yake: 'ya'ya ƙanana, an cusa su da yawa a akwati ɗaya, sun ratsa gona da ɗakin dillali da jirgi da shago, kuma a kowane zango suna maƙwabtaka da macizai da ƙadangarun wasu ƙasashe. Ba a daji yawancinsu suke kwaso ƙwaron ba, a wannan hanya ce. A daji iguwana tana yawo, yau tana wannan reshe gobe tana wancan, in ta yi saɓa ta bar tsohuwar fata da abin da ke cikinta ta yi gaba. Ƙwaron da ya sauka daga jikinta da wuya ya sake samunta. A keji kuwa ba ta da wajen zuwa. Duk wanda ya sauka ya yi ƙwai, 'ya'yansa za su tarar da ita tana nan inda ya bar ta. Yayin ya ja baya yanzu, har jihar Fulorida ta sa iguwana cikin dabbobin da aka hana sayen sababbi don kiwo a 2021, saboda waɗanda aka saki sun cika gari suna haƙe bakin magudanai. Amma har gobe akwai gidaje masu yawa a Amurka da Turai da Asiya da suke riƙe da ita.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana wuri biyu. Na farko, likitan dabbobi ba ya zaɓen abin da za a ɗauko a kawo masa, kuma ƙa'idar da zan bayyana ita ce dai za ku bi in aka kira ku ɗakin macizai ko kejin damo a gidan zu. Na biyu, yankinmu yana cikin wannan fatauci tsundum. Gana da Togo da Binin sun daɗe suna fitar da damo da ƙananan mesa zuwa kasuwannin ƙetare. A shekarar 2000 ma'aikatar gona ta Amurka ta hana shigo da wasu kunkuru uku na Afirka, har da babban kunkurun nan na Sahel da ake samu a Nijar da Chadi, saboda kaskar da ke jikinsu tana iya ɗaukar cutar da ke tara ruwa a zuciyar shanu da tumaki. Ƙwaron jikin dabba mai rarrafe ya taɓa rufe kasuwa, don haka ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙwari iri biyu ne aka fi gani a jikin iguwanar gida. Akwai 'yan ja, ko masu ruwan goro, na zuri'ar Hirstiella, waɗanda suka fi son ƙadangaru. Sukan taru gungu-gungu a lungun fata, ka ga kamar an barbaɗa garin barkono. Akwai kuma baƙaƙe, Ophionyssus natricis, waɗanda asalinsu na macizai ne amma ba sa ƙin jinin ƙadangare in sun samu. Wannan na biyun shi ne aka fi nazarta, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Yaya za ka gane su? Kada ka tsaya kallon gadon baya daga nesa ka ce lafiya lau. Ɗauki dabbar, ka sami haske mai kyau, in da gilashin ƙara girma ka ɗauko. Fara da kewayen ido, inda fatar ta yi 'yar kwarmi. Duba faifan kunne, wancan zagayen da ke bayan ido. Ɗaga fatar haɓa ka buɗe ninkinta da yatsa. Bi gindin ƙayoyin wuya ɗaya bayan ɗaya, sannan hammata, da matsematsi, da bakin dubura. Waɗannan su ne wuraren da fata ta fi laushi, kuma farcen dabbar ba ya kai wa gare su. Sai ka jiƙa farin ƙyalle ko farar takarda mai laushi, ka shafa daga wuya zuwa wutsiya, ka shimfiɗa ka jira kaɗan. Za ka ga ɗigo-ɗigo, wasu ja wasu baƙi. Ƙura ba ta motsi, su kuwa za su fara tafiya. In ka danne ɗaya da farce ya bar jan zane a takardar, to wannan jinin iguwanar ne. Akwai kuma wani farin gari-gari kamar toka da yake kwanciya a fata, musamman a jikin dabba mai duhun launi. Kashinsu ne. Wani lokaci shi za ka fara gani kafin ka ga masu shi.

Ita ma dabbar tana faɗa maka da halinta. Za ka ga tana susa da ƙafar baya, tana goga kai a reshe, tana daɗewa a cikin kwanon ruwa fiye da yadda ta saba, kuma in ta fito ka duba gindin kwanon ka ga baƙin ɗigo sun nutse. Saɓarta takan lalace, tsohuwar fata ta maƙale ta zagaye yatsa ko ƙaya kamar zobe, ta shaƙe jini har yatsan ya bushe ya faɗi. Fatar wuya da ta baya takan yi baƙin tabo mai kaushi. Cin abinci ya ragu, fushi ya ƙaru.

Ɗigo ɗaya ba ya shan jinin da za a damu da shi. Dubbai kuwa, dare da rana, a jikin ɗan iguwanar da nauyinsa bai wuce giram 100 ba, sai su tsotse shi. Buɗe bakinsa za ka ga dasashi ya yi fari maimakon ja-ja. Ga kuma raunukan cizo da suke zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Tun 1948 wani masani Ba'amurke, Joseph Camin, ya nuna cewa baƙin nan yana ɗaukar bakteriya mai lalata jini daga maciji mara lafiya ya kai wa mai lafiya. Su ma mutanen gida ba su tsira ɗungurungum ba, don an sha samun masu kiwo da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu, ko da yake ƙwaron ba ya iya zama a jikin mutum ya hayayyafa.

Camin ɗin nan ne ya zauna ya bi rayuwar ƙwaron daki-daki, aka buga aikinsa a Shikago a 1953, kuma har yau a kansa likitoci suke dogara. Ina roƙon ku saurari wannan sashe da kyau, domin wanda ya fahimce shi ya gama rabin aiki.

Matakai biyar ne: ƙwai, tsutsa mai ƙafa shida, matashi na farko, matashi na biyu, sannan baligi. A cikin biyar ɗin nan, biyu ne kaɗai suke shan jini, wato matashi na farko da baligi. Sauran ukun ba ruwansu da jikin dabba. Macen in ta sha ta ƙoshi, ta kumbura ta yi baƙi, sai ta saki fatar ta sauka, ta nemi wuri mai duhu da ɗumi da laima, yawanci sama take hawa, ta sami tsagar katako ko kusurwar murfi ko ramin ƙusa, ta zuba ƙwai kamar 20 masu danƙo. Ta koma ta sake sha, ta sake zubawa, har ta kai 60 zuwa 80 kafin ta mutu. Ƙwan yana fashewa cikin kwana kaɗan. Tsutsar ba ta ci ba ta sha, tana nan inda aka haife ta har ta rikiɗa. Matashin farko ne yake bin wari ya hau dabba, ya shige ƙarƙashin ɓawon fata ya yi kwanaki yana sha, sannan shi ma ya sauka ya ɓuya ya sake rikiɗa. Daga ƙwai zuwa baligi mai yin nasa ƙwan mako biyu ne zuwa uku, in da zafi da laima ma ya fi haka sauri. Kuma abin takaici, ɗumi da laimar da iguwana take buƙata don ta rayu su ne dai ƙwaron yake so. Baligi yana iya kai kwana 40 a raye. Mace ko ba ta haɗu da namiji ba tana yin ƙwai, ƙwan ya ba da maza. Ke nan mace ɗaya tak da ta tsira a tsagar katako ta isa ta mayar da hannun agogo baya.

Kowa a nan ya san kuɗin cizo. Wanda kuɗin cizo ya dama, ko ya yi wanka sau goma a rana bai yi komai ba muddin bai fitar da gado da katifa da tabarma ba, bai bi tsagogin bango ba. Haka wannan yake. Abin da ka gani a jikin iguwana 'yan cin kasuwa ne, garin yana cikin keji. Mai kiwo ya wanke dabba, ya ga ta yi fes, ya mayar da ita kan tsohon reshenta, bayan kwana goma ya dawo yana cewa magani bai yi ba. Magani ya yi, shi ne ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Saboda haka aiki biyu ake yi a rana ɗaya, na dabba da na ɗaki. Mu fara da dabba.

Ruwa shi ne makami na farko, domin waɗannan ƙwari ba su iya iyo ba. A sami baho, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, kamar digiri 29 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, wanda in ka sa gwiwar hannu ba za ka ji zafi ba. Zurfinsa kada ya wuce kafaɗar dabbar, ta iya tsayawa kanta a waje. A bar ta minti 20 zuwa 30, mutum yana tsaye a kanta, yana ɗiban ruwan yana kwarara mata a baya da wuya. Sau da yawa takan sha, takan kuma yi kashi a ciki, don haka a bar ta ta gama wannan a ruwa tsantsa, a zubar, sannan a sake wani. A ruwa na biyu ne ake ɗiga aidin irin na wanke rauni, wanda ake sayarwa da sunan Betadine, har ruwan ya yi launin shayi marar kauri. Aidin ɗin ba don kashe ƙwari ba ne, don raunukan cizo ne.

Amma ku lura, ƙwarin suna jin ruwa sai su gudu sama su taru a kai, inda ba ya nutsewa. Nan ne aikin haƙuri yake. A ɗauki tsinken auduga irin na goge kunne, a jiƙa, a bi kewayen ido a hankali, a bi faifan kunne, a bi gindin kowace ƙaya, ana canza auduga ana jefa ta cikin ruwan sabulu. Inda suka lafe suka ƙi fita, a ɗan shafa man zaitun a bakin tsinken, shi yana toshe musu numfashi. Ɗan kaɗan nake nufi, a wuraren da suka taru kawai. Kada a yi wa dabba wanka da mai, kada kuma ya shiga ido ko hanci. Wajen riƙo, a tallafi ƙirji da ƙugu, a naɗe ta da tawul in tana fizge-fizge. Kada a kama wutsiya, tana iya tsinke ta ta bar maka a hannu. Babbar iguwana kuma tana da farce da haƙora da bulalar wutsiya, mutum biyu ya kamata su yi aikin. Wannan wanka kullum ne a makon farko, daga baya a riƙa tsallake kwana ɗaya ko biyu.

Bari in ɗan ratse. Iguwana, kamar yawancin masu rarrafe, tana ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinta ba tare da ta yi ciwo ba, kuma a shekarun yayinta an sami jarirai a Amurka da suka kwanta asibiti ta dalilinta. Bahon wankanta nata ne ita kaɗai. Ba a wanke ta inda ake wanke kwanuka, ba a zubar da ruwan inda yara suke wasa, kuma a wanke hannu da sabulu kowane lokaci.

Yanzu ɗaki. Kafin a taɓa keji a mayar da dabbar wani wuri na wucin gadi, babbar roba mai santsi da ramukan iska ta wadatar, a shimfiɗa farar takarda, a sa kwanon ruwa, a tabbatar da ɗumi. Sannan a kwashe duk abin da ke cikin tsohon kejin. Shimfiɗar ƙasa, ko ɓawon itace ce ko garin katako ko ƙasa, a zuba a leda a ɗaure baki tun a cikin ɗakin, a fitar daga gidan gaba ɗaya. Kada a ji ƙyashin kuɗinta. Rassa masu ɓawo da kogo, in ana iya samun wasu, a ƙone su. In dole sai an riƙe, zafi ne maganinsu, domin zafin da ya kai digiri 50 zuwa 55 yana kashe ƙwaron a kowane mataki, har da ƙwai. Masu kiwo a Amurka sukan gasa rassan a obin, a wuta marar ƙarfi wajen digiri 100, awa biyu zuwa uku, suna tsaye kada ya kama. Inda ake da rana irin ta bazara, a ɗaure su a baƙar leda a shanya a kan siminti kwana da kwanaki, ana juyawa, don cikin kututture yana jinkirin ɗaukar zafi. Duwatsu da kwanuka a dafa su, ko a nutsar da su cikin ruwan zafi su kwana.

Kejin da kansa a bi shi da injin zuƙe ƙura, kusurwa-kusurwa, musamman sama: bakin murfi, hanyar da gilashi yake zamewa, ramukan iska, bayan fitila, inda waya ta shiga. A zubar da abin da injin ya tara a waje nan take. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a bi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti goma, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe har warin ya fita. Bilic yana kashe bakteriya, amma kada ku dogara da shi a kan ƙwan da ke cikin tsaga. Kejin katako shi ya fi wahala, kuma in ya tsufa ya tsattsage, ra'ayina shi ne a toshe tsagogin a sake masa fenti, ko a haƙura da shi. A share ɗakin da kejin yake, a wanke labule, a goge teburin da ke ƙarƙashi, don ƙwarin suna fita yawo. In akwai wasu masu rarrafe a gidan, a ɗauka duk sun kamu.

Bayan haka dabbar za ta zauna a keji fayau: farar takarda a ƙasa, kwanon ruwa, kwanon abinci, da abin hawa na roba ko kwali da za a iya jefarwa. Ana canza takardar kullum, ana dubawa kafin a jefar. Farar takarda ita ce rajistar aikin, ita za ta gaya maka ko kana cin nasara.

Na zo kan magani, kuma a nan ne nake so in ɗaga murya. Mutum ya ga ƙwari a jikin dabbarsa, hankalinsa ya tashi, ya miƙa hannu ya ɗauko abin da yake fesa wa sauro da kyankyaso. Garin neman gira sai a rasa ido. Sinadarin daiklobos, wanda muka sani a cikin fiya-fiya, an daɗe ana rataya shi a kejin macizai a Amurka a cikin wasu 'yan faifai masu fitar da tururi, kuma dabbobi sun mutu ta haka: dalala, karkarwa, shanyewar jiki, sai numfashi ya tsaya. Wannan guba ce da a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwannin Nijeriya saboda rayukan mutane. Kada ya kusanci keji. Haka kananzir, da baƙin mai, da hodar ƙumar karnuka, da abin wuyan kashe ƙuma.

Aibamektin magani ne mai albarka. Shi ne Ivomec da makiyaya suka sani, shi ne Mectizan da ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar da ƙudan bakin rafi yake kawowa, kuma a kansa William Campbell da Satoshi Omura suka sami kyautar Nobel a 2015. Ana amfani da shi a jikin iguwana, ta allura ko a tsarma a ruwa a fesa. Amma ɗalibai, ku ɗauki biro mu yi lissafi. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 0.2 a kowane kilo. Ɗan iguwana mai giram 100 yana buƙatar miligiram 0.02. Kwalbar shanu tana da miligiram 10 a kowace mililita. Ke nan rabonsa mililita 0.002 ne, abin da sirinjin hannunku ba zai iya aunawa ba sai an tsarma. Ɗigo ɗaya daga kwalbar ya ninka abin da yake buƙata sau ashirin da wani abu. Dole a auna dabba a sikeli, dole a tsarma, ba a yin ƙiyasi da ido. Kuma ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: ba a ba kunkuru aibamektin. Tun 1983 aka tabbatar yana shanye musu jiki ya kashe su. Hawainiya da wasu ƙadangaru masu santsin jiki su ma ba sa jure shi sosai. Sannan allura tana kashe wanda ya ciji dabba ne kawai, ba ta san da ƙwan da ke cikin katako ba.

Fifronil, wanda ake sayarwa da sunan Frontline, likitoci sukan fesa shi a safar hannu ko ƙyalle su shafa wa dabbar sama-sama, a kauce wa ido da baki, a wuri mai iska saboda tururin barasar da ke cikinsa, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa kwana goma. Yana kashe zomo, a kula. Famatirin, irin na Provent-a-Mite da aka yi musamman don masu rarrafe, keji ake fesa wa ba dabba ba: a fitar da ita, a fitar da kwanon ruwa, a fesa, a jira ya bushe ƙarau warin ya tafi, sannan a mayar da ita. Amfaninsa shi ne yana daɗewa a bango, duk wanda ya fito daga ƙwai ya taka ya mutu. Guba ne ga kyanwa da kifi. A 'yan shekarun nan an gwada sababbin ƙwayoyin ƙuma na karnuka, irin su NexGard, a jikin macizai, aka ga sakamako mai kyau, amma wannan hukuncin likita ne, ba na mai shago ba. Akwai kuma masu sayen wasu ƙwari mafarauta, kamar Stratiolaelaps scimitus, su zuba a keji su cinye masu shan jinin. Dabara ce mai kyau ga keji mai ƙasa da tsirrai, sai dai ba a haɗa ta da feshi, don feshin zai kashe mafarautan tare da abin farautar.

Dabbar da ta riga ta galabaita, dasashi fari, ido ya faɗa, ba a fara mata da guba kowace iri ce. A fara da ruwa da ɗumi da abinci, a duba raunuka ko suna buƙatar maganin bakteriya, a yi wanka da auduga, magani mai ƙarfi ya jira ta farfaɗo. Kuma a tambayi mai ita yadda yake riƙonta. Tana da wurin shan zafi da ya kai digiri 35? Tana samun rana ta gaske, ko fitilar da ke ba da hasken da jiki yake haɗa bitamin D da shi? Rana ta bayan gilashin taga ba ta yin wannan aiki. Ganye mai sinadarin kalsiyam take ci, ko latas da ragowar abincin gida? Iguwanar da ke cikin sanyi da yunwa saɓarta ba ta fita da kyau, kuma matacciyar fatar da ta maƙale mafaka ce ga ƙwari. Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya rufe dabba a keji ya ɗauke mata ikon guje wa abin da ke cizonta, nauyin ya koma wuyansa. Ku faɗa wa masu kiwo haka cikin ladabi, amma ku faɗa.

Hanyar shigowarsu kusan kullum ɗaya ce: sabuwar dabba, ko tsohon keji da aka saya, ko hannu da rigar wanda ya je shago ko gidan aboki ya taɓa wata. Duk sabuwar da ta shigo a killace ta a wani ɗaki dabam, a kan farar takarda, wata biyu zuwa uku, da kwanukanta da tawul ɗinta. A fara hidimar tsofaffin gida, a ƙare da baƙuwa, a wanke hannu a tsakani. Ma'aikatan gidan zu, wannan ya fi shafarku, don bokiti ɗaya da tsintsiya ɗaya da suke zaga kejuna goma sun isa su raba annoba ga kowa.

Tambayar da mai dabba zai yi muku ita ce yaushe zai daina. Zai zo a kwana na biyar yana murna ya ce ba ya ganin komai. Ku tuna masa da lissafin Camin: ƙwai yana nan yana jiran fashewa, baligi kuma yana iya kai kwana 40. A ci gaba da takarda da dubawa, ana sake wanke keji kowane mako, har a yi mako shida cur ba a ga ɗigo ɗaya mai motsi ba. In an ga ko guda a mako na huɗu, lissafi ya koma farko. Sai bayan nan ne za a mayar da rassa da shimfiɗa, su ma sababbi ko waɗanda suka sha wuta.

Ɗalibai, roƙona gare ku shi ne, ranar da aka kawo muku irin wannan dabba, kada ku rubuta magani ku sallami mai ita daga kan tebur. Ku tambaye shi da me aka yi kejin, me ke shimfiɗe a ciki, wace dabba ce ta shigo gidan kwanan nan, akwai kunkuru ko kyanwa ko zomo ko ƙaramin yaro. In da hali ku bi shi gida ku ga kejin da idonku, ku rubuta masa ranar da mako shidan zai cika.